Mota Mai Ɗaki da Koren Akwati

Alhamis: Bakura zuwa Mafara

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Baba ya buga ƙofar ɗakina, bugun da na tabbata an ji shi har Birnin Tudu. "Lawali! Tashi, tahiya ba ta jiran malalaci." Na tashi, muka yi sallah, muka ɗora kaya, sannan muka zauna muna kallon juna har ƙarfe bakwai, domin kowa ya san hanyarmu yanzu ba a hawanta sai rana ta fito sosai. To don me aka tashe ni tun huɗu da rabi? Wannan ita ce ta farko cikin tambayoyi kusan dubu da na yi wa kaina a wannan tafiya.

Motar ta Kawu Sani ce, ƙanen Innata, mai sayar da motoci a Mafara. Daga Kwatano ya sayo ta, ta yi wata tara ba wanda ya ko taya. Fara ce doguwa. A cikinta akwai gado, da teburi, da murhun gas, da wurin wanke kwano, har da wani ɗan ban-ɗaki wanda in ka shiga sai ka bar gwiwa ɗaya a waje. Mutanen unguwa suna ce mata mota mai ɗaki. Kawu ya hana kowa amfani da ban-ɗakin, ya cusa buhun albasa biyu a ciki, tsarabar mutanen Jos.

An ce wai yawon buɗe ido za mu Jos, mu ga duwatsu, mu sha sanyi, mu gaida Gwaggo Hajo, yayar Baba da ke aure a can. Ku ji fa. Baba, mutumin da ko Damri za shi sai ya tambayi amfanin zuwan, shi ne zai bar gonar shinkafa kwana shida don ya kalli dutse.

Ni dai na san abin da ake ƙullawa. Mako uku da suka wuce na ɗaura wa jakin maƙwabcinmu gwangwanaye a wutsiya, don kawai in gwada saurinsa. Jakin ya bi ta rumfar mai shayi, ya fita da rabin rumfar a wuyansa. A ranar Baba ya nuna ni da yatsa ya ce, "Wanga yaro, in ba ka yi hankali ba, Jos zan kai ka, Hajo ta yi maganinka." Gwaggo Hajo tsohuwar shugabar makaranta ce. An ce ta taɓa kallon wani yaro sau ɗaya, har yau yana gaishe da turakun wuta a kan hanya.

Ga kuma shaida. Ina tsaye na ga Baba da Kawu sun ɗauko wani sabon koren akwatin ƙarfe mai kwaɗo, suka tura shi ƙarƙashin gadon motar, suka ja zanin gado ya rufe shi. Kafin ya ɓace na hango gefen bargo ya leƙo ta bakin murfin. Bargona ne, mai hoton damisa, wanda Inna ta ɗauke shekaranjiya ta ce wanki za a yi masa.

Inna ma ta ƙara mini tsoro. Ni ne ɗan fari, saboda haka tunda na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ko abinci za ta ba ni sai dai ta ajiye ta ce a gaya wa wancan. Yau kuwa da hannunta ta miƙo mini ƙullin dambun nama, idanunta jajur, ta ce, "Allah shi tsare." Wanda za a dawo da shi ba a yi masa irin wannan sallama.

Muka bar Bakura bakwai da minti biyar: Kawu a sitiyari, Baba a gefensa, ni da ƙanwata Saratu a baya. Bakwai da rabi da 'yan mintuna muka shiga Mafara, muka tarar Baffa, ƙanen Baba, ya kawo Kaka, mahaifiyarsu, daga Maradun, tana zaune a kan jakarta tana cin goro. Ta hau, ta duba gado, ta duba murhu, ta buɗe ƙaramar ƙofa ta ga abin da ke ƙarƙashin albasa.

"Sani," ta ce, "wane marar kunya ya gina masai jikin madafi?"

"Hajiya, haka Turawa suke yi."

"To su ci. Ni ko ruwan zafi aka dafa cikin motar ga, ba ni sha."

Ta haye gadon ta miƙe ƙafa, daidai saman akwatin. Na matsa kusa da ita na rage murya. "Tsohuwa, tsakanina da ke, mi ke cikin akwatin ga?"

"Kayan lefen da ka kasa yi mini ne, mijin banza. Matsa, kana tare mini iska."

Ita ma an saye ta ke nan.

Mafara zuwa Zariya

Takwas da minti goma muka kama hanyar Gusau. Motar Kawu ba ta son a wuce sittin da ita. In ya matsa mata sai kwanoni su fara kiɗa, albasa ta fara buga ƙofa kamar mai neman a buɗe mata. Wani mai babur ɗauke da akuya biyu ya wuce mu kafin Maru, akuyar baya ta juyo ta dube mu da tausayi.

Shingen jami'an tsaro goma sha ɗaya na ƙirga a ranar, kuma babu inda ba a tsayar da mu ba. Ba don laifi ba, kowa so yake ya leƙa. A na kusa da Bunguɗu wani ya sa kai ta taga, ya ga Kaka a miƙe, ya cire hula.

"Motar asibiti ce? Sannu Mama, Allah ya ba da lafiya."

"Lahiyata lau, ɗana. Na fi ka ma."

Goma da kwata muka isa Gusau, kimanin kilomita casa'in daga Mafara. Kawu ya tsaya shan mai, Baba ya tsallaka titi ya dawo da bokitin roba, da tocila, da kwanon ci mai murfi, da cokali ɗaya. Cokali ɗaya! Mu biyar ne a motar.

"Baba, a yawon buɗe ido ana zuwa da bokiti?"

Ya dube ni, ya dubi Kawu. "Ka ji ko? Bakin nan nashi, shi ya sa."

Shi ya sa me? Bai ƙarasa ba. Daga nan har Tsafe duk lokacin da suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, in na matso sai su koma zancen farashin taki.

Ɗaya da minti ashirin muka sauka a Funtuwa, muka yi sallah, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, naira dubu ɗaya da ɗari biyu kwano, manja kamar an ɗiga da allura. Kaka ta dama furarta a ƙarƙashin bishiya, nesa da motar. A nan ne Saratu ta sayi rake, ta karya, ta ba ni ɓangaren gindi, wurin zaƙin. Saratu fa, mai shekara goma sha uku, wadda sau biyu ta kai ƙarata wurin Baba a kan ɓawon gyaɗa. Tun safe ba ta yi magana goma ba, kuma ta ƙi haɗa ido da ni.

"Ke ma kin sani ko?" na ce.

Ta yi sauri ta ɗago. "Na san mi, Yaya?"

"Ba komai. Allah ya isa tsakanina da ku duka."

Huɗu da minti goma muka shiga Zariya, muka sauka gidan Malam Isa, abokin Kawu, mai sayar da hatsi. Yaran unguwar suka yi wa motar zobe, wani har ya tambaye ni ko mu 'yan fim ne, na ce masa eh, ni ne jarumin. Aka kawo tuwon masara miyar kuka da man shanu. Mata suka kwana cikin gida, maza a ɗakin baƙi. Ni na ce zan kwana a mota in yi gadinta. Kawu ya ji daɗi, har ya ce yaron ya fara hankali.

Juma'a: Zariya zuwa Jos

Dabarar mai sauƙi ce. Ba a barin mutum a garin mutane ba tare da kayansa ba. In babu akwati, babu riƙo.

Da gari ya waye, wajen shida da rabi, manya suna zaure suna shan koko da ƙosai, na janyo akwatin daga ƙarƙashin gado. Nauyinsa kamar an zuba Dutsen Kwatarkwashi a ciki. Na ja shi ta ƙofar baya zuwa ɗakin ajiyar Malam Isa, na tura shi bayan buhunan masara, na yafa masa tsohon buhu. Na dawo na gyara zanin gado ya sauko har ƙasa, na wanke hannu, na shiga zaure na ci ƙosai tara. Rabona da jin daɗin ƙosai haka tun ina aji uku.

Takwas daidai muka tashi. Hanyar Pambeguwa ramuka ne aka jera aka ɗan yayyafa musu kwalta. Kowane rami muka faɗa sai Kaka ta yi salati, Kawu ya ba motar haƙuri. Ni kuwa kunnena yana ƙarƙashin gado. Jiya akwatin yana ta ƙara duk hanya, yau shiru, kuma na tabbata kowa zai lura. Don haka na ɗauko cokalin nan ina buga ƙafar teburi a ɓoye duk sanda muka faɗa rami.

Kafin Saminaka aka tsayar da mu a wani shinge, kuma wannan jami'in ba kallo ya zo yi ba. Ya hau, ya buɗe kabad, ya buɗe ban-ɗaki, albasa uku suka gangaro kan takalminsa. Sannan ya nuna gado.

"Mene ne a ƙarƙashi?"

"Akwatin yara ne," in ji Baba.

"A ɗaga in gani."

Na fara karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sai Kaka ta ɗaga kai daga matashi.

"Ɗana, sai da jikokina biyu suka kama ni kafin in hau gadon ga. In ka ce in sauka, kai za ka goya ni. Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Ka gaishe ta. Ungo goro."

Ya karɓi goro, ya yi dariya, ya sauka. Na rantse a zuciyata cewa in na yi kuɗi sai na yi wa tsohuwar nan lefe akwati goma sha biyu.

Muka yi sallar Juma'a a Saminaka, muka ci gasasshiyar masara. Daga Jengre hanya ta fara hawa. Motar ta dinga nishi, Kawu yana shafa sitiyari yana ce mata, "Daure, Hajiya, daure." Iska ta canza, ta zama kamar an bar ƙofar firij a buɗe. Duwatsu kuwa ga su nan an ɗora wani kan wani, babba a kan ƙarami, kamar wani ƙato ya fara wasa da su aka kira shi cin abinci. Uku da rabi muka shiga Jos.

Gwaggo Hajo tana tsaye a ƙofar gida da tabarau a kan hanci. Ta gaisa da Kaka, da Baba, da Kawu, gaisuwar da ta tambayi lafiyar kowa har da shanun Baffa. Ta rungume Saratu. Sannan ta dube ni ta saman tabarau tun daga kai har ƙafa.

"Wannan ne mai jakin?"

"Shi ne," in ji Baba.

"Hmm."

Wannan "hmm" ya fi bulala ashirin. Aka sauke albasa da jakunkuna. Kawu ya tambaya ko a sauko da akwati, Baba ya ce a bar shi sai Lahadi. Lahadi ke nan ranar da aka yanka mini. Na ci faten dankalin Turawa kwano biyu, ina murmushi ni kaɗai.

Asabar: kan dutse

Sanyin safiyar Jos ba sanyi ba ne, hukunci ne. Na taɓa ruwan alwala na ji kamar ya cije ni. Tara da rabi muka fita cikin motar, har da Gwaggo. Muka fara da gidan namun daji, inda wani zaki ya buɗe ido ɗaya ya dube mu ya mayar ya rufe. Kaka ta ce ta ga kyanwar da ta fi shi kuzari a Maradun. A bakin hanya Kawu ya saya mana wasu jajayen 'ya'yan itace masu ƙuraje a jiki, sitiroberi, dubu biyu ɗan kwano. Kaka ta ɗanɗana ɗaya ta ce tumatir ne da bai samu tarbiyya ba.

Biyu saura muka isa gindin duwatsun Shere. Manya suka shimfiɗa tabarma a inuwar motar, ni da Saratu muka bi wata 'yar hanya muka hau. Minti arba'in muna hawa. Daga sama garin Jos duka ya koma kamar an watsa wa kaji tsaba, motar Kawu kuma kamar sabulun wanka. Saratu ta zauna a kan wani faffaɗan dutse ta rungume gwiwoyinta.

"Yaya, in na gaya maka wata magana, za ka iya riƙe ta kwana ɗaya tak?"

"Ba sai kin faɗa ba. Na san Baba ya kawo ni ne ya bar wa Gwaggo. Amma kada ki damu, tare za mu koma. Akwatin nawa yana Zariya, bayan buhunan Malam Isa."

Ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba.

"Wane akwati?"

"Koren. Mai bargona."

"Yaya, nawa ne!"

Sai magana ta dinga fitowa tare da kuka. Ta ci jarrabawar shiga wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Jos, ta kimiyya. Gwaggo ce ta sa aka yi mata rajista tun bara. Sakamako ya fito wata biyu da suka wuce, Baba ya ce kada kowa ya ji sai ta shiga ta zauna, saboda baki. Kun dai san mutanenmu: abin alheri in ya sha bakin jama'a tun bai nuna ba, lalacewa yake yi. Inna ta sa mata bargona ne don shi ya fi kauri a gidan. Kayan makarantarta, da takardar shaidar an ɗauke ta, da ta haihuwa, da ta asibiti, duk suna cikin akwatin. Gobe Lahadi ƙarfe huɗu ake rufe karɓar sababbin ɗalibai. Wadda ba ta zo da takardunta ba, akwai masu jiran gurbinta.

"To ni don me ba a gaya mini ba? Ni ba ɗan gidan ba ne?"

"Baba ya ce gaya maka daidai yake da gaya wa mai shela."

Na buɗe baki in yi musu, na tuna ni ne na sanar da unguwa cikin matar Baffa tun ita kanta ba ta tabbatar ba. Na rufe.

"Ko ka faɗa wa Baba, ko ni in faɗa," ta ce, tana share hanci da gefen hijabi.

Hawa minti arba'in, sauka kuwa na so ta kai shekara. Na tarar da su suna shan shayi. Na durƙusa nesa kaɗan, inda hannu ba zai kai ba, na faɗi komai. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, karo na farko a rayuwata.

Baba ya ajiye kofi. Ya kawar da kai. Na fi son ya yi faɗa, wallahi. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ashe gadon banza na yi ta gadi tun Zariya!" Gwaggo ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Kai a tunaninka," ta ce, "ni zan karɓe ka? Da hawan jinina?"

Kawu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce komawa Zariya da wannan mota a dawo kafin gobe, sai dai a kai ta asibiti. Ya kira Malam Isa. Muka ji shi ta waya yana jan buhuna, sannan ya ce, "Ga shi nan kuwa! Ikon Allah, ƙafa ya yi?" Yamma ta yi, motocin Zariya masu zuwa Jos sun gama tashi. Aka shirya da sassafe Malam Isa zai kai akwatin tasha ya ba direban motar farko, a rubuta lambar Kawu a jikin murfin.

Har muka koma gida Saratu ba ta dube ni ba, Baba ma haka.

Lahadi: tasha

Bakwai da kwata Malam Isa ya kira ya ce akwati ya shiga but ɗin motar haya, ga lambar direba, ga lambar mota. Saura fasinja uku mota ta cika. Fasinja ukun nan ba su zo ba sai goma da rabi. Ina jin daga Makka suka taho a ƙasa.

Sha biyu muka tafi tasha, ni da Baba da Kawu da Saratu cikin sabon farin hijabi, da bokitinta a kan cinya. Baba ya miƙo mini wayar Kawu ba tare da ya dube ni ba. Na gane: aikina ne.

Sha biyu da rabi na kira. "Ranka ya daɗe, mu ne masu koren akwati. Kuna ina?"

"Ga mu nan Saminaka."

Na yi hamdala. Ɗaya da kwata na sake kira.

"Yanzu za mu shiga Saminaka."

"Ba ɗazu ka ce kuna can ba?"

"Yaro, tuƙi nake yi."

Biyu saura, waya a kashe. Biyu, a kashe. Na fara zargin ko babu direban ma, ko ya sayar da akwatin a Pambeguwa, ko ya buɗe ya ga bargona ya yi sha'awa. Duk motar da ta shigo sai na ruga na leƙa but ɗinta, har wani ɗan kamasho ya tambayi Kawu ko ina da lafiya. Biyu da minti ashirin wayar ta shiga.

"Mun fito daga Saminaka, mun tsaya sallah ne."

Saratu tana zaune a matakalar motarmu, ba ta kuka, tana ta murza hannun bokiti. Na je na tsaya kusa da ita.

"In bai zo ba, ni zan shiga in gaya musu laifina ne. In kwanta a ƙofar ofishin, sai dai su taka ni."

"Yi mini shiru, Yaya."

Na yi shiru, wanda shi ma karo na farko ne.

Uku da minti ashirin da biyar wata tsohuwar mota ruwan toka ta shigo, but a buɗe an ɗaure da igiya, ga koren akwati a saman buhun barkono. Ban san sanda na rungume direban ba. Ya ture ni ya ce, "Kai ne mai damuna? Ai na ce maka mun kusa."

Ranar motar Kawu ta ga saba'in da biyar. Kwanoni suka zube, ba wanda ya waiwaya. Huɗu saura minti goma sha biyu muka isa ƙofar makarantar, maigadi ya ce wannan gidan ba zai shige ta ƙofarsa ba. Na ɗora akwatin a ka na zura da gudu, Saratu a gaba, Baba a baya yana riƙe da babbar riga. Wata malama a bakin teburi ta duba agogo, ta dube mu, ta ce a buɗe. Takardu suna nan a saman kaya cikin leda. Ta buga hatimi.

Ba a barin maza su wuce wurin teburin. Baba ya dafa kan Saratu ya yi mata addu'a doguwa. Ta juyo gare ni, sai na ce, "Kada ki bari su san ke 'yar ƙauye ce."

"Kai dai ka bar jakunan mutane su huta," ta ce, ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Wasu 'yan mata biyu suka kama mata akwatin, suka sha kwana.

Litinin da Talata: komawa

Takwas na safiyar Litinin muka yi sallama da Gwaggo Hajo. Ta cika mana mota da kabeji da karas da dankali, ta ce mini in na ƙara shekara biyar da hankali in zo hutu. Gangara ta fi hawa sauƙi, biyu da rabi muna Zariya. Malam Isa ya kai ni ɗakin ajiya ya ce in nuna masa yadda na ja akwatin ni kaɗai, wai yana neman lebura.

Kujerar da ke gefena babu kowa. Na miƙe ƙafa a kai, na ga ba daɗi, na sauke.

Talata bakwai muka tashi. Ɗaya da rabi muka shiga Mafara, kasuwa ta cika har titi, muka yi rabin awa kafin mu ratsa. Baffa ya karɓi Kaka, ta sauka tana cewa ita da mota mai masai har abada. Tun kan dutse Baba bai yi mini magana ba, sai da muka hango rufin gidajen Bakura ya juyo.

"Lawali."

"Na'am, Baba."

"Daga gobe, mako biyu, kai ne mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Tun hudowar rana."

"To, Baba."

Ya juya gaba. Can ya ƙara da cewa, "Ta riga ta shiga. Yanzu kana iya faɗi."

Ban jira motar ta tsaya ba. Na zura kai ta taga tun daga bakin masallaci ina ihu: "Jama'a! Saratu ta ci jarrabawa! Tana makarantar kimiyya a Jos! Likita za ta zama!" Mai shayi ya fito, tela ya fito, mata suka leƙo ta katanga. Kafin Kawu ya kashe mota, uku saura minti ashirin daidai, an fara shigowa yi wa Inna barka.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Kawu Sani da motarsa, wadda har yanzu tana nan ga mai so, kabeji ba ya cikin ciniki. Na gode wa Malam Isa, da Gwaggo Hajo da ta ƙi ni tsakani da Allah, da direban da ya shiga Saminaka sau uku a rana ɗaya. Wanda ke da ƙarin tambaya ya same ni a gona. Ya zo da gwangwani, tsuntsayen sun fi ni baki.